Darasin Lafiya: Lambar da ke Jikin Man Kariya daga Rana, da Yadda Ake Gwada Ta

Daga watan Maris zuwa farkon Mayu, kafin ruwan farko ya sauka, zafi a Garwa da Marwa kan wuce digiri 40, mu ma a nan Minawao muna ɗanɗana rabonmu. Wannan zafin kowa yana jin sa, kowa kuma ya san maganinsa, wato inuwa da ruwan sha. Darasinmu na wannan fitowa a kan wani ɓangare ne na hasken rana wanda ido ba ya gani, jiki kuma ba ya jin sa sai bayan ya gama ɓarna. Ga mafi yawanmu ɓarnar kaɗan ce. Ga zabiya kuwa tana iya kaiwa ga rasa rai. Idan akwai zabiya a gidanku, ko a maƙwabta, ko a ajin da kuke koyarwa, ku bi darasin nan har ƙarshe, ku kuma karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba.

Hasken da ba a gani

Masana suna kiran wannan ɓoyayyen haske ultrabayolet, a taƙaice UV, kuma haruffan nan biyu za ku gani a jikin kwalba. Iri biyu ne ke iso mu. Akwai UVB, wanda shi ne kaɗan, kimanin kashi 5 cikin 100, amma shi ke ƙona saman fata har ta yi ja ta saɓule. Akwai UVA, wanda shi ne sauran, ba ya ƙuna da sauri amma yana ratsawa can ciki, ya tsufar da fata ya tattare ta. Dukansu biyu suna da hannu a cutar dajin fata.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana da ma'aunin ƙarfin wannan haske. Daga lamba 3 ake so mutum ya fara kare kansa, daga 11 zuwa sama kuwa an kai matuƙa. Garwa tana kusan digiri 9 ne kawai arewa da layin da ya raba duniya biyu, Marwa kuma ta ɗan haura 10, saboda haka da tsakar ranar bazara ma'aunin nan yana kai 11 har ya wuce a duk yankinmu. Kada sanyin gari ya ruɗe ku. Siririn gajimare yana barin har kashi 80 cikin 100 na hasken ya wuce, hazon hunturu ma rage shi yake yi, ba ya tare shi duka. Farin yashi da ruwa kuma suna maido da wani kaso zuwa fuska, shi ya sa mai wanki ko kamun kifi a bakin Binuwai yake shan rana ta sama da ta ƙasa. Ga wata dabara da ko yaro zai riƙe: ka dubi inuwarka. In ta fi ka gajarta, hasken yana da ƙarfi.

Baƙar fata tana da garkuwarta, wani sinadarin launi da ake kira melanin. Wani bincike da aka buga a Amurka a 1979 ya auna hasken da ke ratsa saman fata, ya sami kariyar baƙar fata a kusan 13, ta farar fatar Turawa kuma a kusan 3. Zabiya an haife shi da ƙarancin wannan sinadari ƙwarai a fata da gashi da ido. Gado ne da ke zuwa ta wajen uwa da uba baki ɗaya, ko da dukansu baƙaƙe ne. In su biyun suna ɗauke da shi, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da zabiya. Ba a ɗaukar sa ta cin abinci tare ko taɓa jiki, ba shi da alaƙa da iska ko sammu, ba kuma laifin uwa ba ne. A ƙasashen Afirka kudu da Sahara ana ƙiyasta zabiya ɗaya cikin mutum 5,000 zuwa 15,000.

A 1975 wani likitan fata ɗan Najeriya, A. N. Okoro, ya wallafa binciken da ya yi a kan zabaya 1,000. Cikin waɗanda suka haura shekara ashirin bai sami ko ɗaya da fatarsa ta tsira daga dajin fata ko tabon da ke share masa hanya ba. Shekara hamsin ke nan da wannan bincike, rana kuwa ba ta canza ba. Abin da ya canza shi ne an ƙara sanin yadda ake kariya, kuma a watan Satumba na 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa man kariya daga rana cikin jerin muhimman magungunan da take so kowace ƙasa ta tanada. Ma'ana an daina kallon sa a matsayin kayan kwalliya.

Yadda ake samo lambar

A jikin kowace kwalbar man nan akwai haruffa SPF, ko FPS in rubutun Faransanci ne, sai lamba ta biyo: 15, 30, 50, ko 50 da alamar ƙari. Mutane da yawa suna ɗauka kamfani ne ke zaɓen lambar yadda ya ga dama, wasu kuma suna ɗauka yawan maganin da aka zuba ne. Gaskiyar ita ce sakamakon gwaji ce, kuma a jikin mutane masu rai ake yin gwajin. Ƙa'idar da mafi yawan ƙasashe ke bi ita ce ISO 24444, wadda aka fitar a 2010 aka sabunta a 2019.

Ga yadda abin yake. Ana neman 'yan sa kai aƙalla goma, masu hasken fata, domin a jikinsu ne ake iya ganin ja da zarar fata ta fara ƙonewa. Mutum zai kwanta rub da ciki, a zana masa 'yan filaye a gadon baya. Fili ɗaya a bar shi haka nan ba mai. Fili na biyu a shafa man da ake gwadawa. Na uku kuma a shafa wani mai da aka riga aka san lambarsa, domin in shi bai ba da abin da aka sani ba, to gwajin ya ɓaci, sai a sake. Kamar mai awo ne da ke ajiye mudun da ya amince da shi, yana gwada sauran da shi.

Wajen shafawar ne ya kamata ku buɗe kunne, domin duk darasin a nan ya rataya. Ba da ka ake lakato man ba. Ana auna shi a kan sikeli mai tsananin daidaito, miligiram 2 ga kowane murabba'in santimita na fata, wato fili kamar faɗin farcen ƙaramin yatsa. A ɗiɗɗiga shi a ko'ina cikin filin, a baza da yatsa har ya daidaita, sannan a jira minti 15 zuwa 30 ya kama jiki.

Daga nan sai fitila. Ba a fita da mutum rana, domin rana tana canzawa daga sa'a zuwa sa'a. Akwai wata fitila ta musamman da aka tace haskenta ya yi kama da na rana, aka kuma san ƙarfinta daidai. Ana haska ƙananan ɗigo kamar shida a kowane fili, kowane ɗigo ya sha haske fiye da na bayansa da kaɗan. Sai a sallami mutum ya tafi gida. Bayan sa'a 16 zuwa 24 ya dawo, wani ƙwararre ya duba bayansa a ƙarƙashin haske mai kyau, ya nemo ɗigon farko da ya yi ja sosai a kowane fili.

Lissafin da ya rage ɗan firamare ma zai yi. A ce fatar da ba a shafa wa komai ba ta yi ja da hasken daƙiƙa 20, wadda aka shafa wa mai kuma sai da ta sha na daƙiƙa 600. A raba 600 da 20, an sami 30. A yi haka ga duk mutum goman, a ɗauki matsakaici. Wannan ita ce lambar. A tsarin ƙasashen Turai ba a rubuta 50 da alamar ƙari sai man ya ba da 60 ko fiye a gwaji.

Wannan gwajin ja yake aunawa, ja kuwa aikin UVB ne galibi. Domin UVA akwai gwaji dabam da ba ya buƙatar jikin mutum: a shafa man a kan wani ɗan faranti na roba mai kaushi kamar fata, a haska, na'ura ta auna abin da ya ratsa. Tun 2006 Tarayyar Turai ta nemi kariyar UVA ta kai aƙalla kashi ɗaya cikin uku na lambar SPF, kuma man da ya cika sharaɗin yana ɗauke da haruffan UVA a cikin da'ira. Kayan da suka bi tsarin Amurka kuma za ku ga an rubuta broad spectrum, na Faransanci large spectre. Kwalbar da ba ta da ɗaya daga cikin waɗannan, rabin aiki ta yi alkawari.

In an rubuta cewa man yana jure ruwa, shi ma gwaji ne. Ana sa 'yan sa kan su shiga ruwa na minti 40 ko 80 sannan a haska su. Ba a taɓa gwada wani mai aka ce zai yini a jikin mai noma yana gumi yana share fuska da hannun riga ba.

Abin da lambar ke nufi a tsakar gida

Ku ɗauki man kamar rariya, hasken kuma kamar ƙwayar dawa ɗari da aka zuba a kai. Mai lamba 15 yana barin kimanin bakwai su wuce. Mai 30 yana barin uku da ɗan wani abu. Mai 50 yana barin biyu. Babu wanda ke tare ɗarin duka, shi ya sa hukumomin Turai suka ce a daina rubuta écran total a jikin kwalba, ko da yake har yanzu za ku ji masu kantin magani suna kiran sa haka. Ga mai baƙar fata bambancin uku da biyu ba wani abu ba ne. Ga zabiya, wanda duk ƙwayar da ta wuce tana taruwa ne a kan ta jiya da ta shekaranjiya har tsawon rayuwa, gara mai 50 ko sama. In 30 kaɗai aka samu, a yi amfani da shi, ya fi babu nesa ba kusa ba.

Wani kuskure da ya yaɗu shi ne a ce lamba 30 na nufin mutum zai iya zama a rana ninki talatin. A ɗakin gwaji babu gumi, babu ƙura, babu riga mai goge wuya, kuma an shafa cikakken awo. A gida fa? Bincike daban-daban sun nuna mutane suna shafa rubu'i ne zuwa rabin abin da ake shafawa a gwaji. Wanda ya shafa rabi, kariyarsa kan faɗi zuwa rabi ko ƙasa da haka. Uwar da ke lakato ɗan kaɗan tana murzawa har ya ɓace, don kwalbar ta kai wata uku, ba ta yi ganganci ba, tattali take yi. Sai dai kwalbar da aka rubuta wa 50 ta koma ta 20 ko ƙasa a fuskar ɗanta ba ta sani ba.

Awon gwajin in aka mayar da shi cokali, babban mutum yana buƙatar ƙaramin cokalin shayi shida zuwa bakwai, wato kimanin mililita 30 zuwa 35, don ya rufe jikinsa duka sau ɗaya. Fuska da kunnuwa da wuya kaɗai suna cin rabin cokali mai ɗan tozo. Yanzu mu yi lissafi tare. Kwalbar mililita 100, in jiki a buɗe yake, shafawa uku ce ta ƙare. In kuwa mutum ya sa riga mai dogon hannu da dogon wando ko zane har idon sawu, abin da ya rage shi ne fuska, kunnuwa, wuya, bayan hannu da saman ƙafa, kusan cokali ɗaya. Sau biyu a yini cokali biyu ke nan, mililita 10, kwalbar ta kai kwana goma. Ga yaro za ta fi haka. Wannan lissafi shi ke nuna cewa hanyar tattalin mai ita ce rage fatar da ke buɗe, a kuma cika awo a wadda ta rage.

A shafa minti 15 zuwa 30 kafin a fita, kamar yadda ake jira a gwaji. A sake bayan sa'a biyu in ana cikin rana, a kuma sake bayan wanka ko gumi mai yawa. Masu alwala su lura: wuraren da ake wankewa su ne daidai wuraren da rana ke duka, kuma alwalar azahar tana faɗowa lokacin da hasken ya fi ƙarfi. A tsane jiki a sake shafawa. Wuraren da aka fi mantawa su ne saman kunne, ƙeya, leɓen ƙasa, da tsakar kan wanda aka yi wa aski. Jaririn da bai kai wata shida ba kuwa inuwa da tufafi ne kariyarsa. In an goya shi, a tabbata mayafin ya rufe kai da ƙafafu, ya kuma bar masa iska.

Ko lambar tana yin ƙarya?

Tana yi. A watan Yuni na 2025 ƙungiyar kare masu saye ta Ostareliya mai suna CHOICE ta sayi man kariya iri 20 daga kantuna, kowanne an rubuta masa 50 ko fiye, ta kai ɗakin gwaji. Goma sha shida ba su kai abin da aka rubuta ba. Ɗaya ya ba da 4. Aka aika da shi wani ɗakin gwaji a Jamus, ya ba da 5. Daga baya an janye shi daga kasuwa, aka bi da wasu da aka haɗa da tushe iri ɗaya. Ostareliya kuwa tana cikin ƙasashen da dajin fata ya fi yawa a duniya, dokarta a kan wannan mai tana cikin mafi tsanani.

Sai dai a yi wa labarin adalci. Da yawa daga cikin sha shidan sun ba da ashirin da wani abu zuwa arba'in da wani abu, wanda kariya ce ta gaske in an shafa da kyau. Kuma gwajin kansa yana da rauni, tun da idon mutum ne ke yanke hukuncin inda ja ya fara, fatar mutane kuma ba ɗaya ba ce. Ɗakunan gwaji biyu kan ba da lamba mabambanta a kan mai guda. Saboda wannan, da kuma rashin daɗin ƙona mutane da gangan ko da 'yan ɗigo ne, a ƙarshen 2024 aka amince da sababbin hanyoyi biyu da na'ura ke yin awon ba tare da an jira fata ta yi ja ba.

Darasin da ke ciki gare mu a fili yake. In har a ƙasar da ke da irin wannan sa ido an sami mai 4 a rigar 50, me za a ce da wanda aka ɗura a gwangwani ba suna ba kwanan wata, ana tallarsa ranar kasuwa? Babu yadda za a gwada man nan a gida. Kauri, ƙamshi, fari, sanyi a jiki, tsada, babu ɗayansu da ke nuna ƙarfinsa. Abin da za ku iya dubawa shi ne marufi a rufe, sunan kamfani da adireshinsa, lambar SPF ko FPS, alamar UVA, da ranar lalacewa. Wani ɗan zane na buɗaɗɗen gwangwani mai 12M yana nufin wata goma sha biyu bayan an buɗe. Ku karɓa daga cibiyar lafiya ko kantin magani mai rajista. Zafi yana lalata shi, don haka kada a bar shi kusa da rufin kwano ko jikin tanti. A ajiye a ƙasa cikin inuwa, gefen randa ya fi ko'ina. In ya tsinke ruwa dabam mai dabam, ko warinsa ya canza, ya tashi aiki.

Wasu mayukan suna barin fari-fari a fuska. Wannan wani farin garin ma'adini ne da ake rubuta sunansa zinc oxide ko oxyde de zinc, da ɗan'uwansa titanium dioxide. Ba lalacewa ba ce, hasali ma irinsu sun fi dacewa da yara da masu fata mai saurin ƙaiƙayi.

Man kaɗanya da man gyaɗa da basilin fa? Suna da amfaninsu, suna laushin fata, suna hana kaushi da tsagewar leɓe a hunturu, zabiya yana iya shafa su da dare. Amma man tsirrai da aka gwada a ɗakin bincike lambarsu ba ta zuwa ko kusa da 15, basilin kuwa ba ya tare hasken. Man bilicin ya fi duka haɗari, domin aikinsa shi ne rage melanin ɗin da Allah ya ba fata, wasu kuma suna sirantar da ita. A watan Agusta na 2022 ministan lafiya na Kamaru, Manaouda Malachie, ya haramta shigowa da sayar da kayan shafa masu ɗauke da irin waɗannan sinadarai, ciki har da hydroquinone da mercury. Duk da haka ba su ɓace daga kasuwa ba, kuma wani lokaci kwalbarsu ma tana ɗauke da zanen rana da wata lamba. Wadda ta riga ta daɗe tana shafa su, ita ma fatarta tana neman kariya. Haka wanda ke shan wasu magunguna kamar doxycycline ko cotrimoxazole, fata kan ƙara jin rana. Kada a daina shan magani, a tambayi wanda ya rubuta shi.

Tufafi ma ana gwada su

Da irin na'urar da ke auna haske ake gwada yadi, lambarsa kuma UPF ake ce mata. Siririyar farar singileti kan ba da 5 zuwa 7 kacal, in ta jiƙe ta ƙara raguwa. Yadi mai matsattsiyar saƙa da duhun launi yana iya wuce 50, kuma ba ya bin gumi, ba a sake shafa shi bayan sa'a biyu. Wannan kam kuna iya gwada shi da kanku: ku ɗaga yadin ku dubi haske ta cikinsa. In kuna ganin ƙofofin saƙar, rana ma tana gani. A ƙasar auduga muke, daga gonakin Mayo-Tsanaga har masana'antun gurza na SODECOTON mai hedikwata a Garwa, kuma atamfa mai kauri ko yadin makaranta mai nauyi sun fi lallausan yadin roba mai sheƙi da ake gani ta cikinsa. A ɗinka da yalwa don iska ta shiga.

Malafar da makiyaya ke sawa ta fi hular hana-salla nesa, domin hana-salla tana barin kunne da ƙeya a waje, nan ne kuwa dajin fata ya fi kama zabaya. Bakin malafa ya kai faɗin yatsu huɗu ko fiye, saƙar ta matsu, in da hali a yi mata shafi da ƙyalle daga ciki. Mata da 'yan mata hijabi ko gyale mai kauri yana rufe wuya da kunne, amma goshi da hanci da kumatu suna nan a buɗe, sai an ɗora malafa ko an riƙe lema. Idon zabiya ma yana jin haske, tabarau mai alamar UV400 yana taimakawa.

Sai lokaci. Daga hantsi zuwa la'asar, wato ƙarfe goma zuwa huɗu, shi ne mafi muni. A rayuwar sansani waɗannan sa'o'i ne na layin karɓar abinci, layin famfo, neman itace da aikin gona. A raba aikin gida yadda zabiya zai yi nasa da sassafe ko da yamma. Kada a hana shi aiki ko makaranta ko wasa, lokaci kawai za a sauya masa. Itatuwan da aka yi ta dasawa a sansanin nan tun 2018 sun fara ba da inuwa, amma inuwar darbejiya tana da ƙofofi, haske kuma yana shigowa ta gefe, don haka ko a ƙarƙashinta kada a cire malafa. Malamai su bar yaro zabiya ya sa dogon hannu da hularsa ko da sun saɓa wa kayan makaranta, su zaunar da shi gaba kusa da allo nesa da taga, kada kuma a tsayar da shi a fili da rana don horo.

Abin da za a kai asibiti

Sau ɗaya a wata, wani na gida ya duba fatar zabiya da rana tsaka a cikin inuwa mai haske, har da ƙeya da bayan kunne inda shi ba ya gani. Ana neman wuri mai kaushi kamar tsakuwa wanda ba ya tafiya, ɓawon da ke faɗuwa ya dawo, ƙurjin da ke girma ko zubar da jini, da gyambon da ya kai wata ɗaya bai warke ba, musamman a leɓe, kunne, fuska ko wuya. Tabon farko likita yana iya kashe shi da sanyi ko ya yanke shi cikin ɗan lokaci. In aka bar shi ya yi shekara ana sa masa garin magani, ana tsaga ko sakiya, yakan ci har ƙashi, a lokacin kuwa aikin ya wuce na Mokolo ko Marwa ko Garwa. A fara da cibiyar lafiya ta sansani, su ne za su rubuta takardar turawa gaba. Ko ba a ga komai ba, yana da kyau ma'aikacin lafiya ya duba fatar duk wata shida.

Akwai wata cuta da ke kama da ƙunar rana kuma tana kama baƙar fata: fata ta yi duhu ta yi ɓawo a wuya kamar sarƙa, da bayan hannu da ƙafa, sau da yawa tare da gudawa. Sunanta pelagra, tana zuwa ne in abinci ya zama masara zalla ba gyaɗa ba wake ba kifi. Ta taɓa kama dubban 'yan gudun hijirar Mozambik a Malawi a 1990. Man kariya ba ya warkar da ita, ƙwayar bitamin ce maganinta, kuma tana jin magani da sauri in an je da wuri.

Iyalin da ke da zabiya su tabbata an rubuta shi cikin masu buƙata ta musamman a wajen ma'aikatan rajista da na jin daɗin jama'a, domin da wannan rubutu ake sanin adadi in ana tsara kayan taimako, da shi kuma za ku nemi a sauƙaƙa masa tsayuwa a layi. A Kamaru akwai ƙungiyar zabaya mai suna ASMODISA, kuma 13 ga Yuni ta kowace shekara rana ce da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe musu tun 2015. In kun zo cibiyar lafiya, ku taho da duk kwalbar man da kuke shafawa, ko wadda aka ba ku ko wadda kuka saya, a karanta muku abin da ke jikinta, a kuma nuna muku awon cokalin a tafin hannunku.